Darasi na Tara: Bututun Yadi da Raba Iska a Masana'antun Ƙasashen Hamada

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nauyin da ya rataya a wuyan malamin Hausa a wannan zamani akwai iya bayyana al'amuran kimiyya da fasaha cikin harshen da ɗalibansa suke tunani da shi. Wannan darasi misali ne na irin wannan rubutu. An zaɓi fasaha guda ɗaya, wato bututun yadi, wanda ake ratayawa a ƙarƙashin rufin masana'anta domin raba iska mai sanyi ga ma'aikata, aka bi ta daki-daki: matsalar da ta jawo buƙatarsa, da yadda yake aiki, da lissafinsa, da fa'idodinsa, da kuma iyakar amfaninsa. An ɗauko yawancin misalan daga ƙasashen Larabawa da ke gaɓar Tekun Fasha, domin a can ne tsananin zafi da ƙura da manyan masana'antu suka haɗu wuri guda. A ƙarshe za a dubi keɓaɓɓun kalmomin da aka yi amfani da su, da hanyoyin da aka bi aka samar da su.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

i. bayyana illar zafi ga jikin ma'aikaci a cikin masana'anta;
ii. bambanta hanyoyi biyu na sanyaya iska, da yanayin da ya dace da kowace;
iii. faɗin ma'anar bututun yadi da yadda yake raba iska;
iv. yin sauƙaƙan lissafin yawan iska da faɗin bututu;
v. fito da hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomin fasaha a Hausa.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Zafin Hamada da Jikin Ma'aikaci

Zafin cikin jikin ɗan'adam mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyos, na fatarsa kuwa bai cika wuce digiri 35 ba. Idan mutum yana aikin ƙarfi, tsokar jikinsa tana ƙara haifar da zafi, kuma dole ne wannan zafi ya sami hanyar fita. Muddin iskar da ke kewaye da shi ta fi fatarsa sanyi, za ta riƙa kwashe zafin tana tafiya da shi. Amma da zarar iskar ta zarce digiri 35, sai al'amarin ya juya, ita ce za ta riƙa ɗora wa jiki zafi. A nan babu abin da ya rage wa jiki sai gumi, wanda bushewarsa a kan fata ke janye zafi. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda ko fiye a awa ɗaya. Idan gumin ya kasa, zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum yakan ruɗe, ya suma, har ma ya rasa ransa.

A ƙasashen hamada wannan haɗari na kowace shekara ne. A ranar 21 ga watan Yuli na shekarar 2016 an auna zafin da ya kai digiri 53.9 a Mitriba ta ƙasar Kuwait, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da awon a 2019. Saboda irin wannan zafi ne gwamnatocin yankin suka kafa dokar hutun tsakar rana. A Saudiyya an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3, tun daga 15 ga Yuni har zuwa 15 ga Satumba. Ƙasar Katar kuwa, a shekarar 2021, ta faɗaɗa nata hanin ya koma daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Haka kuma, a wani rahoto na 2019, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 zafi zai cinye kashi 2.2 cikin ɗari na sa'o'in aiki a duniya, daidai da guraben aiki miliyan 80.

Sai dai waɗannan dokoki sun fi shafar masu aiki a fili. Wanda ke cikin masana'anta yana ƙarƙashin inuwa, amma inuwar kwano ce. Da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar hasken da ya kai kusan wat 1,000, har kwanon yakan kai digiri 70. Ga kuma zafin injuna da fitilu da numfashin jama'a. Ke nan, a manyan garuruwan masana'antu irin su Jubail da Yanbu a Saudiyya, ko Jabal Ali a Dubai, samar da iska mai sanyi a cikin gini batu ne na lafiya da rai kafin ya zama na jin daɗi.

3.2 Hanyoyi Biyu na Sanyaya Iska

Daga bayanin da ya gabata za a fahimci cewa fanka kaɗai ba ta wadatarwa, domin idan iskar ta kai digiri 42, iska mai zafi fankar za ta riƙa watsa wa mutane. Dole ne a fara sanyaya iskar tukuna. Akwai manyan hanyoyi biyu na yin haka.

Ta farko ita ce ta iyakwandishan, wadda ake danganta farkonta da na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 domin wata maɗaba'a a Burukilin ta birnin New York. Wannan hanya tana aiki a kowane yanayi, tana kuma rage laimar iska, amma tana cin wutar lantarki ƙwarai. Sanyaya babban zauren masana'anta da ita, alhali ƙofofinsa a buɗe suke motoci na shiga da fita, abu ne mai tsadar gaske.

Ta biyu ita ce sanyayawa ta bushewar ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ruwan randa da na tulu da na salka suna yin sanyi ne saboda ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsu yana bushewa, kuma kowace lita ta ruwa da ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kusan kilojul 2,450. A kan wannan ƙa'ida ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu, wadda ta samar masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Na'urar masana'anta ita ma haka take: fanka tana zuƙo iskar waje ta ratsa wani jiƙaƙƙen allo mai ƙofofi kamar saƙar zuma, ruwa ya bushe, iska ta yi sanyi. Wutar da take ci ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta iyakwandishan ba.

Iyakar sanyin da wannan hanya za ta iya bayarwa ta dogara ne ga bushewar iskar. Ana gane wannan iyaka ta hanyar naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a sa shi cikin iska. Abin da ya nuna shi ake kira awon jiƙaƙƙen ma'auni. Alal misali, a wuri kamar Riyad, idan zafi ya kai digiri 42, laima kuma kashi 15 cikin ɗari, jiƙaƙƙen ma'auni zai nuna kusan digiri 22. Na'ura mai kyau tana iya cin kashi 80 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin 42 da 22, wato digiri 16, sai iskar ta fito a kan digiri 26. Amma a bakin teku, kamar Dammam ko Jidda, idan zafi ya kai digiri 38 da laima kashi 60, jiƙaƙƙen ma'auni zai nuna wajen 31, iskar kuma ta fito a kan fiye da digiri 32, ga ta da danshi. Saboda haka wannan hanya ta busasshiyar hamada ce, ta bakin teku kuwa sai iyakwandishan.

3.3 Ma'anar Bututun Yadi da Tarihinsa

Ko da wace hanya aka sanyaya iska, akwai sauran aiki, wato kai ta inda mutane suke. A al'ada ana yin wannan da bututun da aka ƙera da fallen ƙarfe, a yanka masa tagogi nan da can. Bututun yadi kuwa doguwar jaka ce da aka ɗinka da yadi na musamman, bakinta ɗaya a haɗe da fanka, ɗayan kuma a rufe. Idan fanka ta tashi sai jakar ta kumbura ta miƙe, kamar yadda zugazugin maƙeri ke cika da iska, sannan iskar ta riƙa fita ta jikin yadin ko ta ƙananan hudojin da aka yi masa. Ke nan abu guda ne yake aiki biyu: shi ne hanyar iska, shi ne kuma mai raba ta.

Abin lura shi ne, wannan fasaha ba a ƙasar zafi aka haife ta ba. Ta fara ne a mayankan dabbobi na ƙasar Denmak a farkon shekarun 1970. A can ana sanyaya ɗakunan sarrafa nama, sai iskar da ke fitowa da ƙarfi daga na'urori ta riƙa dukan mahauta, tana jawo musu mura da ciwon gaɓoɓi. Da aka sanya jakar yadi a bakin na'urar sai iskar ta riƙa sauka a hankali, aka kuma sami abin da za a iya cirewa a wanke, wanda hakan ya dace da ƙa'idar tsabtar abinci. Da farko auduga aka yi amfani da ita, amma da yake tana shan ruwa, tana ƙanƙancewa, tana kuma yin fumfuna, sai aka koma ga zaren poliyesta. A yau akwai kamfanonin da suka shahara da wannan sana'a, kamar FabricAir da KE Fibertec a Denmak, da Prihoda a Jamhuriyar Cek, da DuctSox a Amurka.

Ta fuskar siffa, akwai bututu mai cikakken zagaye, wanda ake ratayawa a igiyar ƙarfe ko a dogon layin alminiyam. Akwai mai rabin zagaye, wanda ake mannawa a jikin silin idan rufin bai da tsayi. Akwai kuma mai rubu'in zagaye na kusurwar bango. Ana ɗinka shi gunduwa-gunduwa, a haɗa gunduwoyin da zif, domin a sami sauƙin cirewa.

3.4 Yadda Yake Raba Iska

Ginshiƙin aikin bututun yadi shi ne matsin iska. Ana auna matsi da ma'aunin faskal, kuma yawancin irin waɗannan bututu suna aiki ne a wajen faskal 120. Wannan matsi ne ke riƙe da yadin a miƙe, shi ne kuma ke tura iska waje. Da yake matsin kusan ɗaya ne tun daga farkon bututun har ƙarshensa, kowace huda tana fitar da iska kusan daidai da 'yar'uwarta. Wannan ne ya sa ma'aikacin da ke ƙarshen zaure yake samun rabonsa kamar na kusa da fanka.

Akwai hanyoyi uku da iskar ke fita. Ta farko, ta cikin saƙar yadin kanta, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga randa. Irin wannan iska ba ta da gudu, kuma da yake iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, sai ta gangaro ƙasa da kanta, ta tura mai zafin sama. Ta dace da ɗakunan sarrafa abinci da na gwaje-gwaje. Ta biyu, ta hudojin da aka yanka da hasken leza, wanda ke ƙone bakin hudar ya hana zare warwarewa. A kan matsin faskal 120 iska tana barin huda da gudun kusan mita 14 a sakan, tana jan iskar ɗakin tana gauraya da ita, gudun yana raguwa kafin ta iso kan mutane. Ta uku, ta 'yan bakuna masu kama da bakin buta, waɗanda ke jefa iska nesa. Su ake sa wa zaure mai dogon rufi.

Wurin da aka yi hudojin ma yana da muhimmanci. Idan aka ɗauki bakin bututu kamar fuskar agogo, hudojin da ke daidai ƙarfe 4 da ƙarfe 8 suna tura iska ƙasa a karkace, zuwa inda ma'aikata ke tsaye. Na ƙarfe 3 da ƙarfe 9 kuwa suna shimfiɗa ta gefe da gefe. A ofis ana son gudun iska a kan mutum kada ya wuce rubu'in mita a sakan, amma a masana'anta mai zafi ana so ya kai rabin mita zuwa mita guda, domin ya taimaka wa gumi ya bushe. A zaure mai tsayi babu hikima a sanyaya iskar da ke can ƙarƙashin kwano. Abin da ake bukata shi ne a sanyaya mita biyu ko uku na ƙasa, a buɗe wa iska mai zafi mafita ta sama.

3.5 Misalin Lissafi

Mu ƙaddara akwai wani zauren masana'anta a busasshiyar hamada, wanda zafin da ke taruwa a cikinsa daga rufi da injuna da mutane ya kai kilowat 120. Ana shigo da iska a kan digiri 26, tana fita ta rufi a kan digiri 36, wato bambancin digiri 10. Ana auna yawan iska da kubik mita, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne. Ƙa'idar ita ce:

zafi = 1.2 × yawan iska a sakan × bambancin zafi

Saboda haka yawan iska = 120 ÷ (1.2 × 10) = kubik mita 10 a sakan, wato 36,000 a awa.

Idan aka raba wannan iska ga bututu huɗu, kowane zai ɗauki kubik mita 2.5 a sakan. Ba a son gudun iska a bakin bututun yadi ya yi yawa, domin yakan sa yadin kaɗawa. Mu ɗauki mita 7 a sakan. Girman bakin bututu zai zama 2.5 ÷ 7, wato kusan murabba'in mita 0.36, wanda ya yi daidai da zagaye mai faɗin santimita 68. Sai a zaɓi bututu mai faɗin santimita 70.

Sauran lissafin ruwa. Sauko da kubik mita 10 na iska daga digiri 42 zuwa 26 yana nufin janye 1.2 × 10 × 16, wato kilowat 192. Idan aka raba wannan da 2,450 za a sami kusan lita 0.078 a sakan, wato wajen lita 280 a awa. A aikin awa goma ana bukatar lita 2,800, daidai da jarka 112 masu cin lita 25, ban da ruwan da ake zubarwa domin rage gishiri. A ƙasar da ruwan shanta daga tace ruwan teku ko daga rijiyoyi masu zurfi yake fitowa, wannan adadi abin dubawa ne. Abin da aka rage a kuɗin wuta, wani ɓangarensa a ruwa ake biyan sa.

3.6 Fa'idodin Bututun Yadi

Fa'ida ta farko ita ce rashin nauyi. Murabba'in mita ta irin wannan yadi takan kai giram 300, alhali ta fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 ta haura kilo 6. Bututun da muka lissafa a sama, idan tsawonsa mita 40 ne, na yadi zai yi kusan kilo 26, na ƙarfe kuwa fiye da rabin tan. Wannan yana rage wa rufi kaya, yana rage kuɗin dako, yana kuma gaggauta aikin ratayawa.

Ta biyu ita ce maganin raɓa. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa. Haka bututun ƙarfe ke yi idan sanyinsa ya sauka ƙasa da matakin raɓa na iskar ɗakin, ruwa ya riƙa ɗiga a kan kaya da injuna, sai an naɗe shi da abin kariya. A misalinmu na bakin teku matakin raɓa ya kai wajen digiri 29, ke nan duk bututun iyakwandishan zai yi zufa. Yadi mai tsattsafo da iska kuwa yana kewaye kansa da iskar da ya fitar, danshin ɗaki ba ya samun taɓa shi.

Ta uku, yadi ba ya tsatsa, ko a iska mai gishiri ko a mai danshin na'urar ruwa. Ta huɗu, ana iya zuge zif a cire shi, a wanke a injin wanki da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, abin da ba ya yiwuwa da bututun ƙarfe. Bugu da ƙari, yadi ba ya amsa-kuwwar ƙarar fanka kamar yadda ƙarfe ke yi.

3.7 Matsaloli da Iyakoki

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Babban abokin gabar bututun yadi a hamada shi ne ƙura. Iskar shamal da ke kaɗawa daga arewa maso yamma a Iraki da Kuwait da Saudiyya, da guguwar habub ta Sudan, suna ɗauke da ƙura mai laushi. Yadi mai tsattsafowa mataci ne shi kansa. Idan ƙura ta toshe saƙarsa sai matsi ya hau, iska ta ragu, fanka ta wahala. Maganin wannan shi ne a tare ƙurar tun daga ƙofa: a fara da tarkon yashi, wato taga mai karkatattun allunan da ke sa yashi faɗuwa, sannan mataci mai manyan ƙofofi, sannan mai ƙanana. Akwai ƙa'idar duniya ta ISO 16890, wadda aka fitar a 2016, mai rarraba matatan iska gwargwadon ƙanƙantar ƙurar da suke kamawa. Inda ƙura ta yi yawa, bututu mai hudoji ya fi mai tsattsafowa daɗewa kafin ya nemi wanki.

Matsala ta biyu ita ce tashin fanka farat ɗaya. Idan aka kashe fanka yadin yakan saki ya rataya. Idan aka kunna ta da ƙarfi sai iska ta ruga ta bugi ƙarshen bututun da ƙara, a kwana a tashi ɗinki ya ɓalle. Ana magance wannan da na'urar da ke tayar da fanka sannu a hankali, ko a sa wa bututun zobba daga ciki su riƙe siffarsa.

Ta uku ita ce wuta da rana. Poliyesta tana narkewa a wajen digiri 250, saboda haka ba a rataya bututun kusa da tanderu ko inda tartsatsin walda ke tashi, kuma wajibi ne yadin ya zama wanda aka gwada ba ya yaɗa gobara, bisa ƙa'idoji irin su EN 13501 ta Turai ko UL 2518 ta Amurka. Hasken rana kuma yana cin ƙarfin zare, don haka kayan cikin gini ne.

Ta huɗu, bututun yadi na tura iska ne kawai. Idan aka ce a zuƙo hayaƙi ko tururin sinadari da shi, sai ya manne ya toshe. Masana'antar da ke fitar da hayaƙi mai guba tana bukatar bututun ƙarfe na zuƙa daban. Har ila yau, inda ake aiki da na'urar ruwa, dole a riƙa tsabtace tankinta, a kuma bar fanka ta ɗan ci gaba da aiki bayan an kashe famfo domin allo da yadi su bushe, saboda danshi da ƙura in sun haɗu fumfuna suke haifarwa. Rigakafi dai ya fi magani.

3.8 Darasi ga Yankinmu

Yanayin bazara a Sakkwato da Kano da Maiduguri da Damagaram da Agadas ya yi kama da na busasshiyar hamada: daga Maris zuwa farkon Mayu zafi yakan haura digiri 40, laima kuma ƙasa take. A irin wannan lokaci sanyayawa ta bushewar ruwa tana aiki sosai. Amma da zarar damina ta kankama laima ta hau, ƙarfinta yakan ragu, sai dai a kashe famfo a bar fanka. Ƙurar hunturu kuwa tana bukatar matatai masu kyau, yawan ɗaukewar wuta kuma yana nufin bututu zai riƙa saki yana kumbura sau da yawa a yini. Duk mai son sa irin wannan bututu a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa, wajibi ne ya auna waɗannan abubuwa huɗu: laima, da ƙura, da ruwa, da wuta.

3.9 Keɓaɓɓun Kalmomin Darasin

An bi hanyoyi huɗu wajen samar da kalmomin wannan darasi.

i. Aro da hausantarwa: mita, lita, kilowat, faskal, leza, poliyesta, iyakwandishan. An ari kalmar aka daidaita ta da tsarin sautin Hausa, ta hanyar raba cunkoson baƙaƙe da wasali da sauya sautin da babu shi a harshen.

ii. Faɗaɗa ma'ana: raɓa, wadda asalinta ruwan asuba ne a kan ciyawa, ta ɗauki ma'anar duk ruwan da ke taruwa a jikin abu mai sanyi. Haka ma laima da zufa da matsi.

iii. Ƙirar kalma da ɗafi: daga aikatau tace aka sami mataci, daga auna aka sami ma'auni, daga fita aka sami mafita, duk ta hanyar ɗafa ma- a farkon saiwa.

iv. Haɗa kalmomi da bayani: bututun yadi, tarkon yashi, matakin raɓa, awon jiƙaƙƙen ma'auni.

Ƙa'idar da ta kamata marubuci ya riƙe ita ce, ya fara neman kalmar da masu sana'a suka riga suka saba da ita. In babu, ya faɗaɗa ta gida. In ta gagara, sannan ya yi aro. Kuma duk kalmar da ya zaɓa ya bayyana ma'anarta a karon farko, ya tsaya a kanta har ƙarshen rubutunsa.

4.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa jikin ma'aikaci yana da iyakar zafin da zai iya ɗauka, kuma inuwar kwano ba ta isa kariya ba. An ga cewa bushewar iskar hamada ita ce ke ba da damar sanyaya ta da ruwa cikin rahusa, sannan bututun yadi ya raba ta daidai ga kowa. An kuma ga sharuɗɗan da ke tattare da shi, wato tace ƙura, da wanki a kan kari, da tanadin ruwa, da nisantar wuta. Inda aka cika waɗannan sharuɗɗa bututun yakan yi shekaru yana aiki. Inda aka yi sakaci da su kuwa, ma'aikata ne za su fara ji a jikinsu.

5.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa fanka kaɗai ba ta wadatar da ma'aikaci idan zafin iska ya zarce digiri 35?
2. Kwatanta aikin randa da na na'urar sanyaya iska ta bushewar ruwa.
3. Kawo dalilin da ya sa na'urar ruwa ta dace da Riyad, amma ba ta dace da Jidda ba.
4. Bayyana hanyoyi uku da iska ke fita daga bututun yadi, tare da wurin da ya dace da kowace.
5. Wani zaure yana tara zafin kilowat 72, bambancin zafin iskar shiga da ta fita kuma digiri 10 ne. Lissafa yawan iskar da ake bukata a sakan da kuma a awa.
6. Fito da ƙarin kalmomi biyar daga darasin, ka faɗi hanyar da aka bi aka samar da kowace.

6.0 Jinga

Ziyarci wata maƙera ko gidan burodi ko injin casar shinkafa a garinku. Rubuta bayanin da bai gaza kalmomi 400 ba a kan inda zafi ke fitowa, da hanyar da iska ke shiga da fita, da abin da masu aikin ke yi domin kare kansu. Tattaro sunayen da suke kiran kayan aikinsu da su, ka rarraba su bisa hanyoyi huɗun da aka kawo a 3.9.